Numfashin Mai Fito

"Kashe shi, Tencha."

Muryar daga cikin kabad ɗin kaya ta fito. Ina tsaye a gefen gado, babban yatsana a kan maɓallin injin da ke ba shi iska, na ƙi dannawa.

"Don Chebo, ko farfaɗowa ba ka gama yi daga na ɗazu ba. Dubi leɓenka."

"Ke likita ce ko tela? Kashe shi na ce."

Na danna. Injin ya daina gurnani, ɗakin ya yi tsit. Ta tsagar ƙofar kabad ina hango shi zaune a kan 'yar kujera tsakanin rigunan matarsa marigayiya, kwamfuta a cinya, makirfo a gaban baki. Ya zare robar hancinsa, ya gyara zama. Sai ga wata murya ta fito daga wannan ramammen ƙirji, mai kauri, mai sanyi, wadda ko ni da na san shi da silifas da rigar barci sai da tsigar jikina ta tashi.

"Ku shigo, yara. Kogin nan ba ya jiran kowa."

Bai rufe baki ba mai gas ya kwarara ihu daga titi, yana tallan tukwanensa.

Itzel, yarinyar da ke ba da umarnin aikin daga can kamfani, wadda ke kiransa Maestro, wato malam, ta yi magana ta cikin kwamfutar. "Maestro, ya yi kyau ƙwarai, amma mai gas ya shigo lahira tare da mu."

Don Chebo ya fashe da dariya, dariyar ta zama tari. Na kunna injin, na ruga taga na leƙa.

"Kai, Nicanor! Wanda bai ji ka ba a unguwar nan ai kurma ne! Ka rufa mana baki na ɗan lokaci!"

"Doña Tencha, in na yi shiru ke za ki ciyar da 'ya'yana?"

Haka muka yi ta fama a makonnin nan. Don Chebo, wato Don Eusebio Quiroz, maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyar na wani tsohon bene a unguwar Obrera, benen da wanda ya gina shi bai taɓa jin labarin lifta ba. Sana'arsa ɗora murya a finafinan ƙetare: Bature ya buɗe baki da Turanci, shi ya cika bakin da Sifaniyanci. Tun ina budurwa yake wannan aiki. Ba wanda ya san fuskarsa, amma in ya tambayi kuɗin tumatir a kasuwa sai ka ga kawuna suna juyowa.

Aikinsa na ƙarshe wani shiri ne na talabijin mai dogon zango, wanda aka ɗauko daga littattafan nan da yaran benenmu ke yawo da su a hammata. Wai 'ya'yan allolin Girkawa ne suke zuwa makaranta a zamaninmu, a tashi daga aji su zare takubba su bi dodanni. Ni dai ban taɓa gane kansa ba, alloli sai gaba da gulma kamar matan hawa na biyu. Shi Don Chebo muryar wani tsoho mai fito yake yi, wanda ke tsallakar da matattu wani kogi. An ɗaure tsohon da kwale-kwalensa tun fil'azal, an haramta wa ƙafarsa taɓa ƙasa.

Sigari ce ta cinye huhun Don Chebo. Tun damina ta bara bai sauka daga benen ba, don likita ya ce in ya sauka ba zai iya hawowa ba. Duniyarsa ta koma tsawon robar da ke hancinsa: daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa taga. Kamfanin suka aiko masa da kayan ɗaukar murya, suka ce ya nemi wurin da sauti ba ya amsa-kuwwa. Babu irin wannan wuri sai kabad ɗin matarsa Amparo, wanda bai taɓa cire ko ɗankwali daga ciki ba tun rasuwarta. Matsalar ɗaya ce, makirfon yana ɗaukar gurnanin injin. In zai yi magana, dole a kashe abin da yake numfashi da shi. 'Yarsa tilo, Araceli, tana Houston. Saboda haka ni aka samu, na bar keken ɗinkina da ɗinkin mutane na zama mai kashe wa tsoho iska.

Ba na son aikin nan ko kaɗan. Duk dannawar da na yi sai gabana ya faɗi.

Ranar wata Lahadi Araceli ta kira ni.

"Doña Tencha, gaskiya ne har yanzu kina kashe masa injin?"

"Shi yake sa ni, 'yata."

"In ya ce ki tura shi ta taga sai ki tura? Ina roƙonki ki daina. In wani abu ya same shi a cikin kabad ɗin nan, hannunki ne."

Na ɗauki kofin atole, kunun masarar da shi kaɗai yake iya sha yanzu, na tsallaka ɗakinsa. Yana zaune a taga, robar ta miƙe iya tsawonta, yana kallon rufin motoci.

"Na ajiye aiki," na ce. "Nemi wani."

"Araceli ce."

"Ko ma wa ce ce, gaskiya ta faɗa. Ba ni zan kashe ka ba."

"Kashi ɗaya ya rage, Tencha. In ban gama a satin nan ba, za su ba wani yaro da ke kwaikwayon muryata a wurin biki."

"Su ba shi mana! Duniya za ta tashi?"

Ya kurɓi atolen. Shi ba mai saurin amsa ba ne ko da yana da lafiya, balle yanzu da kowace kalma sai ya saye ta da numfashi.

"Kin san abin da ke faruwa a kashin ƙarshe? Yaran nan za su kwance shi. Zai sauka daga kwale-kwalen." Ya tsaya ya ja iska. "Zango uku ina zaune da shi a cikin jirgin nan. Ni na yi masa tari, ni na yi masa tsaki. Sai ranar sauka a ce wani ne zai sauka?"

Na kalli robar da ta ɗaure shi da injin, na kalli ƙofar da ya daina fita. Na karɓi kofin na tafi. Washegari da safe na dawo na tsaya a gefen gado, yatsana a kan maɓallin.

Aikin ya tafi a gutsure. Jimlar da da can zai faɗa a numfashi ɗaya, yanzu sai ya raba ta uku, Itzel ta ɗinke su a can kamar yadda nake haɗa hannun riga. In ya ƙwanƙwasa ƙofar kabad daga ciki, in kunna. Wani lokaci ba na jiran ƙwanƙwasar, in na ga hancinsa ya soma fari sai in danna abina, ya yi ta zagina. Ga mai sayen tsofaffin ƙarafa da lasifikarsa, ga mai gasasshen dankali da usur ɗinsa mai tsaga kunne. Nicanor kam ya ji tausayi, ya koma yin tallansa daga kusurwar titi.

Ranar Juma'a da hantsi Itzel ta ce, "Maestro, maganganu sun ƙare. Ka gama!"

"Saura ɗaya."

"Babu saura, na duba."

"Numfashin."

"Wannan ai ba magana ba ce, Maestro. Sai mu bar na ɗan wasan yadda yake, ba wanda zai gane."

"Numfashin wani a bakina? Itzel, ni na koya miki aikin nan. Wa ya taɓa barin numfashin Bature a tsakiyar muryarsa? Tencha, zo ki gani."

Ya juyo mini da kwamfutar. Tsohon mai fito ya ɗaga ƙafa daga jirgi, ya ɗora ta a kan yashi, babu takalmi. Ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ja wani dogon numfashi har kafaɗunsa suka tashi, ya sauke shi a hankali. Shi ke nan. A wannan sana'a tasu, ashe har nishi da ajiyar zuciya mai muryar ne yake yi da kansa, kuma dole ya yi daidai da tashi da saukar kafaɗun mutumin da ke cikin hoton.

"Don Chebo," na ce, "duk abin da ke duniya sai ka zaɓi wanda ba ka da shi?"

"Kashe shi."

A gwaji na farko tari ya katse shi. Na biyu ya yanke tun kafaɗun tsohon ba su kai rabi ba, kansa ya faɗa jikin ƙofar kabad. Na kunna injin, na buɗe ƙofar, na tura masa robar a hanci.

"Ya isa! Na rantse ya isa! Ke Itzel, ki faɗa masa mana!"

"Maestro, Doña Tencha ta yi gaskiya," in ji Itzel.

Ya daɗe idonsa a rufe. Da ya buɗe, ni ya kalla, ba kwamfutar ba.

"Hortensia. Don Allah."

Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, bai taɓa kiran cikakken sunana ba, bai kuma taɓa roƙona komai ba, umarni kawai ya iya. Na ji haushinsa, na ji tsoro, na kuma ji tausayinsa ya cika mini ciki. Na je na rufe taga. Na tura ƙofar kabad, na bar 'yar tsaga. Na danna.

Ya zare robar. Ya miƙa hannu ya kama hannun wata rawayar riga, wadda ni na ɗinka wa Amparo ta bikin auren Araceli, ya riƙe ta gam don kada ta yi motsi makirfo ya ɗauka. A cikin hoton tsohon ya taka yashi. Don Chebo ya ja. Na ga ƙasusuwan wuyansa sun fito, na ga kafaɗunsa suna tashi tare da na tsohon, suna tashi, har suka kai inda na tsohon suka tsaya. A can ƙarshe wani ɗan siririn fito ya fita daga ƙirjinsa. Sannan ya sauke a hankali.

Har titi ya yi shiru kamar an roƙe shi.

"Ya zauna daidai, Maestro," in ji Itzel. Kuka take yi.

Na danna maɓallin da ƙarfin da ya kusa karya shi. Na fito da shi daga kabad, bai fi nauyin buhun yadi ba. Da na kwantar da shi ya kama hannuna.

"Kin ga?" ya ce. "An sauka."

"An sauka a ina? Kana hawa na biyar, tsoho mai taurin kai."

Ya yi murmushi, ba shi da iskar dariya.

Bai kai ƙarshen wata ba. Wata safiya na shiga da atole na same shi a kujerar taga, kai a karkace, robar a hanci. Injin yana ta gurnaninsa, yana hura iska. Na ajiye kofin, na tsaya a gefen gado inda na saba tsayawa. Na daɗe ina jira, ban san me nake jira ba. Daga baya na miƙa hannu na kashe shi.

Akwatin gawa ba ya juyawa a matakalarmu, sai a bargo aka sauko da shi. Nicanor ne ya riƙe wajen kai, don shi ya fi kowa sanin kwanonin benen, ya sha hawa da tukunyar gas a kafaɗa. Bai ce komai ba har ƙasa.

Araceli ta iso washegari. A bakin ƙofata ta tsaya, ba ta shigo ba.

"Ya gama aikin?"

"Ya gama."

Ta gyaɗa kai ta juya. Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma rungume ni ba. Har yau in mun yi waya gaisuwa ce kawai, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan watanni aka sa kashin ƙarshe. Yaran benen suka cika ɗakina da littattafansu, suna gardamar abin da aka canja daga littafi. Na daka musu tsawa, na rufe taga, na zare wayar firji daga bango. Suna kallona kamar na zare.

Tsohon ya ɗaga ƙafa daga kwale-kwale, ya taka yashi. Ya ɗaga kai. Numfashin ya cika ɗakin, yana tashi, yana tashi, har ɗan siririn fiton nan ya fita a ƙarshensa. Ba su taɓa shi ba, yadda ya yi shi suka bar shi.

Yaran suka soma tafi. Ni kuwa sai na ga babban yatsana a kan hannun kujera, yana ta danna katako.