Ranar da Rakia Ta Tsallake 'Yarta

Ni Kulu, mai fura a wani ƙauye kusa da Bambeye, an taɓa tuɓe ni a gaban jama'a. Maƙwabciyata Rakia ce ta sa aka yi.

'Yarta Fiddausi ta kwanta da wani zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi. Sai Rakia ta ce ni na kama kurwarta, wai yarinyar ta kira sunana cikin magagi. To wa za ta kira, tun tana rarrafe furata take sha? A wurinmu, wadda aka ce mayya ce sai ta kwance zane ta tsallake majinyaci don ta saki kurwar. Na rantse, na yi kuka, ba wanda ya saurare ni. Na tsallake, har da samarin da na goya suna kallo.

Daga ranar furata ta daina ƙarewa. Uwaye suna janye 'ya'yansu in na doso. Fiddausi kuwa ba ta ji sauƙi ba.

Da jiki ya tsananta, Rakia ta ɗauke ta sai asibitin Tawa. Na shiga motar da suka shiga, na zauna daura da ita ina kallonta. Ba tausayi ya kai ni ba, so nake in ji abin da ke cin yarinyar nan da kunnena.

Shekarar da kuɗin sefa ya karye ce, ma'aikata suna ta yajin aiki saboda albashi. Mun yi kwanaki a gindin itacen bedi kafin a buɗe ɗakin gwajin jini. Mai gwajin, wani siririn mutum Isma'ila, ya zaci ni gwaggon yarinyar ce, ya bar ni na shiga. Akwai wani inji da aka kawo musu, bai fi akwatin amarya ba. Ya ɗiga jinin a gilashi ya tura ciki. Ya ce haske ne ke ratsa jinin ya fito, kuma in cuta ta ɓuya cikin fararen ƙwayoyin da ke tsaron jiki, hasken kan fito da wata kama daban.

Ya daɗe yana duban abin da injin ya zana. Sannan ya tambayi Rakia ko suna da dabbar da ke yin ɓari. Suna da ita mana, wata jar akuya, wadda ɓarinta ma a kaina aka ɗora. Ya tambaya ko ana dafa nonon. Rakia ta ce da ɗuminsa take tatso wa 'yarta don ta yi ƙarfi.

"To, Inna, ciwon daga nonon nan yake," in ji shi. "Ki daina ba ta. Akwai magani, za ta tashi."

Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. A mota Rakia ta yi ta satar kallona, ta miƙo mini goro. Ban karɓa ba.

Muna isa na wuce ƙofar mai gari na ce a tara mutane, a fito da Alƙur'ani. Aka shimfiɗe Fiddausi a inuwa, daidai inda aka shimfiɗe ta a ranata. Na dubi Rakia.

"Dafa ki rantse. Likita bai ce ciwon daga gidanki yah hito ba? Bai ce da hannunki kinka ba ta ba?"

Ta miƙa hannu, ta janye. Ta fara ihu wai akuya ce, nono ne, a tambayi Kulu, Kulu tana wurin. Mai gari ya juyo ya ce mini, me na ji game da akuya?

"Ni dai abin da nij ji ke nan na hwaɗi," na ce.

Wata tsohuwa ta ce dama mayya ta fi son naman gida. Maganar ta zagaya. Aka ce Rakia ta tsallake. Ta dubi 'yarta kwance, ta dube ni, ta sa hannu ta kwance zanenta. Mutane da yawa sun sunkuyar da kai. Ni ban ko ƙifta ba.

Fiddausi ta sha maganin Tawa ta warke sarai, kowa ya ce ai tsallaken uwar ne ya yi aiki. Furata ta koma ƙarewa kafin azahar. Rakia ta sa aka yanka akuyar ta raba naman, aka mayar mata da shi ƙwarya ƙwarya.

Yanzu ita yara ke gudu. Kullum da hantsi takan wuce ta gaban rumfata zuwa rijiya, ita kaɗai, ta ɗan rage tafiya ko zan yi magana. Ta san ni kaɗai na ji abin da Isma'ila ya faɗa. Nakan gyara zama in ci gaba da damun furata.