Telan da Ya Sa Rigar Mutuwa

Ni na riga kowa ganin wannan abu, tun marubucin nan bai san yadda ake riƙe alƙalami ba. 'Yata ta fari ce ta shigo da wasu littattafai masu kauri, ɗaya na bin ɗaya, wai labarin mutane irina da irinku da aka ɗora wa aikin Mutuwa da na Yaƙi. Tana karanta mini ina gyangyaɗi, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Da ta kai tsakiya na ce mata, "Rufe. Marubucin nan ji kawai ya yi, ni kuwa a layinmu aka yi. Ɗauko biro ki rubuta na gaskiya."

Shagona na aski yana kallon shagon Tela. Wata rana da hantsi ina wasa aska, sai ga wani dogon mutum ya kawo masa baƙar riga da ta ɓarke a hammata. Duk inda mutumin ya bi, ƙudaje zubewa suke yi ƙasa. Tela ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Gobe." Mutumin ya dawo gobe, aka ce zare ya ƙare. Ya dawo jibi, aka ce an ɗauke wuta, alhali keken na ƙafa ne. Duk tsawon wannan zirga-zirga ba wanda ya mutu a garin, har masu haƙa kabari suka koma sayar da rake.

Tela kuwa yana da wani hali: in rigar mutum ta burge shi, sai ya sa ta ya ɗan zaga kasuwa kafin mai ita ya zo. Ranar da ya zura baƙar rigar nan, dogon mutumin ya ɓullo daga kwana, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ta yi maka kyau. Riƙe ta, har da aikin." Ya yi miƙa, ya tafi yana fito. Yanzu haka kiwon zabi yake yi a bayan gari.

Yaƙi kuma a kan Mai Rediyo ya faɗa, maƙwabcin Tela, mutumin da in kaza ta harare shi sai ya ba ta haƙuri. An kawo masa wata jar rediyo gyara, ya zare mata batir ya sa a tocilarsa. Tun daga ranar, duk inda ya tsaya sai abu biyu sun kaure. Takalmansa ma ba sa ga maciji da juna.

Tela ya kama aikin Mutuwa, ya kwashe tsararrakina kaf. Ni kuwa na faɗo daga kan rufi, mota ta yi sama da ni, likita ya girgiza kai ya kira 'ya'yana gefe, amma ga ni nan. Kun san dalili? Tun kafin a haifi marubucin littattafan nan na ba Tela yadi mai ruwan toka ya ɗinka mini riga, bai ɗinka ba. Tela kuwa, ko Mutuwa ya zama, ba ya iya haɗa ido da mai yadi. In ya hango ni sai ya tsallaka titi. In na yi sallama a shagonsa, sai ya shige ƙarƙashin keke, ya maƙe murya, ya ce, "Ba ya nan."

Wata rana da safe na ji keken Tela na ruri, na leƙa, sai ga yadina a ƙarƙashin allura. Nan take na gane: ranar da ya miƙo mini rigar nan, kunya ta ƙare tsakaninmu, ni ma na ƙare. Na wuce wurin Mai Rediyo.

"Ƙanena, zo ka sha inuwa a shagon Tela."

"Yaya, ka san halin da nake ciki. Jiya na je gaisuwa, buta da tabarma suka ba hammata iska."

"Shi ya sa na zo wurinka."

Zamansa a shagon Tela ke da wuya, allura ta ce ita ta daina shiga harkar zare. Almakashi ya rabu biyu, kowane ɓari ya kama kusurwarsa. Maɓallai suka ja daga a kan tebur, farare gefe, baƙaƙe gefe. Amma Tela ɗan taurin kai ne. Ya danne allura da babban yatsa, ya yanke zare da haƙori, kafin rana ta yi tsaka sai ga shi a ƙofata da riga a ninke.

"Mai Aski, ga rigarka. Ka yi haƙuri, an ɗan samu jinkiri."

"Ɗan jinkiri? Na ba ka yadin nan ina da haƙora."

"To ai ga ta. Sa mu gani, sai mu wuce, akwai masu jira."

Da wani ne, da tuni ya sume. Ni ko gezau. Na tsaya gaban madubin aski na zura ta. Awon na lokacin da nake da ƙirji ne, sai ta zubo mini kamar an lulluɓe kujera. Ga hannun dama ya wuce gwiwa, na hagu ya maƙale a gwiwar hannu, don su ma faɗan ya shafe su. Masu jiran aski suka kwashe da dariya.

Na ce, "Da wannan zan tafi? A can a tambaye ni wa ya yi wannan ɗinki, in ce Tela na layinmu?"

Ya zagaye ni, ya ja kafaɗa, ya saki, ya ciji leɓe.

"Cire," in ji shi. "Gobe ka zo ka karɓa."

A cikin goben nan nake rayuwa har yanzu, jikokina sun yi jikoki. Wanda ke ganin ƙarya nake yi, shagon na nan yana kallon nawa. Ya shiga hannu rabbana, ba yadi ba komai, ya ce a auna shi. Ina bakin ƙofa, zan riƙe masa takalmansa.