Ranar da Na Ɗaga Makunni

Yayan matata ne ya samo mini aiki a masana'antar ƙanƙara, inda yake gyaran wuta shekara goma sha ɗaya. Dogo kowa ke ce masa, saboda gajartarsa. Shi kuma Ango yake kirana har bayan mun haifi 'ya'ya uku, wai har yanzu ban gama zama ɗan gida ba.

Wurin aikinmu ba ya bushewa. Ruwa na ɗiga daga tankuna, ya bi siminti ya kwanta a ƙarƙashin injina. Sati guda kafin abin ya faru, wuta ta fara ɗan jan mutane idan sun taɓa jikin famfon tanki na biyu. Dogo ya ja manaja suka zagaya, yana nuna masa wayar da ɓera ya ci, da akwatin wutar da ba shi da maratayin kwado.

"Ranka ya daɗe, in na kashe wuta ina aiki, kowa na iya zuwa ya kunna," in ji shi.

"Bari zafin nan ya wuce," manaja ya ce. "Yanzu ko awa ɗaya ba za mu tsaya ba."

Ranar Talata da hantsi ina waje ina loda wa wata mota ƙanƙara, sai na ji injina sun yi tsit. Masu saye sun yi layi har bakin titi. Manaja ya leƙo ta tagar ofis, waya a kunne, ya daka mini tsawa in je in duba. Na tarar da babban makunnin wuta a sauke. Ya saba faɗuwa da kansa, sau uku ma a rana, mu ɗaga mu ci gaba. Na sa hannu na ɗaga.

Ƙarar da na ji daga bayan tanki ba ta yi kama da muryar mutum ba.

Na ruga na ga Dogo durƙushe cikin ruwa, hannunsa na dama manne da waya, jikinsa na karkarwa. Na yi kansa zan rungumo shi. Baba mai shara, tsohuwar da ke goge mana ƙasa, ta finciko rigata ta baya.

"Kada ka taɓa shi, ɗan nan! Gawa biyu kake so mu ɗauka? Je ka kashe wutar!"

Na koma na sauke makunnin. A nan na ga wani guntun kwali kife a ƙasa, ya jiƙe sharkaf. Na juya shi. Rubutun Dogo ne: *Kada a kunna, ina aiki.* Ya manna shi a jikin akwatin, danshi ya saki gam ɗin.

Bai mutu ba. Likitoci sun yanke masa yatsu uku, sauran hannun kuma ya ƙi daina rawa. Kwana tara ina zuwa asibiti, ina tsayawa a baranda. A na goma ya aiko matata ta shigo da ni.

"Zauna," ya ce. Na zauna a bakin gado.

"Yaya, wallahi ban ga takardar ba."

"Na sani. Laifina ne da na yarda da gam, ban kuma tsayar da mutum a wurin ba." Ya kalli bandejin. "Amma ka leƙa bayan tanki kafin ka ɗaga?"

"Ban leƙa ba."

"Ka kira sunana?"

Na sunkuyar da kai.

"Taku goma ne tsakaninmu," ya ce, ya juya fuska bango.

Masu bincike sun zo, suka rufe masana'antar sati biyu. Da aka buɗe, an sake wayoyi, an shimfiɗa tabarmin roba, kowane makunni da kwadonsa, mai gyara ke riƙe mabuɗin a aljihu. Duk aikin kwana biyu ya ɗauka. An sauya wa manaja reshe. Ni ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni, kuma da an yi da na fi samun sauƙi.

Matata ba ta taɓa ta da maganar ba. Takan dafa abinci ta raba biyu, ta kai wa gidan yayanta da kanta, ta dawo idanunta jajur ta ce hayaƙi ne. Autarmu ta tambaye ni ina yatsun Kawu suka tafi, uwar ta ɗauke ta ta yi ɗaki da ita.

Watan jiya Dogo ya kira ni gidansa. Na same shi zaune a kan benci, jakar kayan aikinsa a gabansa, filaya da sukudireba duk an goge su tas. Ya ce ya ba wa wani maƙwabcinsa mai gyaran firji, in taimaka in kai masa, shi ba zai iya ɗagawa ba. Na saɓa jakar a kafaɗa. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya nuna mini gidan da hannun hagu, sannan ya koma ciki.