Tagar Bojana

Ni da Bojana sati ɗaya muka haihu, a ɗaki ɗaya na asibitin birni, kuma gidajenmu suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani. Iyakar abin da muka haɗa ke nan. Ita tun cikinta yana wata uku uwar mijinta, Ljubinka, ta hana ta ɗaga ko tsinke. Ni kuwa har na shiga wata tara ina duƙe a gonar tattasan mutane, ƙafafuna sun kumbura sai takalmin mijina Zoran nake sawa. Mijinta yana aiki a ƙasar Ostiriya, ya aiko da keken jariri mai rumfa. Tawa 'yar a kwandon wanki take barci.

A ƙauyenmu mai jego ba ta tsallake ƙofar gida sai ta yi arba'in, an kai ta coci an yi mata addu'a. Wadda ta tsallake, in ji tsofaffi, nononta zai ƙafe. Saboda haka ba ni da aiki sai zaman bakin taga, kuma tagata gidan Bojana take kallo.

Duk Talata da Juma'a farar motar nas mai duba masu jego takan tsaya a ƙofarsu. Nas ɗin takan yi awa guda a ciki, ta fito tana dariya da kwalbar miyar tattasai a hannu, ko waiwayar gidanmu ba ta yi. Na ce a raina, ai dama mai abu shi ake wa fara'a. Gaskiyar maganar daban ce: katina na asibiti har yanzu adireshin ƙauyen mahaifina yake ɗauke da shi, can aka tura sunana. Na sani sarai. Amma na fi jin daɗin ɗora laifin a kan kwalbar.

Aiki aka yi mini kafin a ciro 'yar. A kwana na tara ɗinkin ya yi ja, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Zoran ya buga waya asibiti, aka ce ba na cikin jerinsu, sai dai ya kawo ni. Uwarsa Stana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba a gidanta za a fara wannan abin kunya ba. Ta ɗaura mini ganyen kabeji, ta goge wurin da barasa, ta ce ita shida ta haifa ba nas ɗin da ta taɓa ganin cikinta.

Ran Talata motar ta zo. Buɗe taga kawai zan yi in kira. Har na kama marfin, sai na hango Bojana a tata tagar, da sabuwar rigar jego, gashi a gyare. Na saki. A lokacin gara mini ciwon da ta ji muryata ina roƙo.

Daga nan ban sake iya tashi ba. Ran Juma'a da hantsi na ji hayaniya a titi, Ljubinka tana kururuwa.

"Ke 'yar nan, dawo! Kwananki goma sha huɗu! Za ki bar mini jika da yunwa?"

Sai ga Bojana a ɗakina da silifas, ta riƙo hannun nas kamar ta kamo ɓarauniya. Stana ta fara faɗa, Bojana ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki matsa." Nas ta ɗaga ganyen kabejin, ta dubi wurin. A motarta aka mayar da ni asibiti. Likita ya gaya wa Zoran da an ƙara kwana biyu, da zance ya sha bamban.

Kafin a fita da ni na tambayi Bojana wa ya gaya mata.

"Wa zai gaya mini, Milka? Kwana uku ba ki zo taga kin harare ni ba." Ta gyara mini bargo. "Ni ma ai zaman nake. Kullum da safe ina kallon Zoran yana shanya tsummokaran 'yarki. Nawa mijin a waya ya ga ɗansa."

Bayan sati biyu nonon Bojana ya ƙafe. Nas ta ce yakan faru, ba ruwan titi. Ƙauye bai saurare ta ba. Ran da muka yi arba'in, a harabar coci, tsofaffi suna yi mini barka, ita kuwa suna nuna ta da baki tana ba ɗanta madarar gwangwani. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Na gode mata, har gida na kai mata waina. Amma kishin bai tafi ba, wuri ya sake. Keken jaririn da rigar jegon sun daina damuna. Abin da yake cina shi ne na san kaina: da ita ce a kwance, tagarta ba kowa kwana uku, da zan lura tun ranar farko, kuma ba zan tsallaka titin ba.