Sai Ya Sha Yake Iya Riƙe Reza

Auta aski yake yi, a shagon da yayarsa ta buɗe masa. Ita ce ta fara jin warin giya a bakinsa, ranar da ya sunkuya zai gaishe ta, duk da cingam ɗin da yake taunawa.

"Abokai ne suka matsa mini, Yaya. Kurɓa ɗaya na yi."

Ta yarda. Kurɓar nan ta koma ta ƙarshen mako, daga baya ta kowace yamma, wai don gajiya. Kwalba ɗaya ta daina yi masa komai. Ya daina karyawa da safe, abu kaɗan ya hau matarsa da faɗa.

Wata rana da hantsi Yaya ta kawo mahaifinsu a rage masa gemu. Auta ya ɗauki reza, hannunsa na karkarwa. Ya ce bari ya ɗauko tawul, ya shige bayan labule. Ya fito yana goge baki, babu tawul, hannu kuma ya tsaya cak.

Yaya ta yaye labulen. Ga kwalbar nan a bayan robobin man gashi, ko rufe ta bai yi ba.

"Ajiye rezar nan."

"Haba Yaya, me kuma..."

"Na ce ka ajiye! Sai ka sha kafin ka taɓa wuyan ubanka? Wuyan mutane nawa ka taɓa a haka?"

"Ni fa ba mashayi ba ne. Kin taɓa ganina kwance a kwata?"

"Au, kwatar kake jira? Mu zauna mu zuba maka ido sai ka faɗa? Wallahi da ni da matarka mun cuce ka da muka yi ta rufa maka asiri!"

Baba ya kwance ƙyallen wuyansa a hankali, ya ninke shi. "Bar mini gemuna," ya ce, ya fita bai waiwayo ba.

Wannan ya fi yi wa Auta ciwo. Ya zauna a kujerar askin, ya kasa ɗaga kai.

Yaya ta kulle shagon, ta ja shi asibiti. Likita ya ce kada ya yanke shan farat ɗaya shi kaɗai, jikinsa ya riga ya saba, sai an kwantar da shi ana lura. Ta zauna a bakin gadon ranta a ɓace. Da ya nemi ruwa, ta tura masa kofin ba ta ko kalle shi ba.