Taɓargaza a Kwandon Guga

Ni guga nake yi, tun haƙorana na nan cif. Ɗakina ɗaya ne a saman bene: teburin guga a jikin taga, gado, sai kujerar mijina da ba mai zama a kai tun da ya rasu. Ɗana yana wani gari, sai ya ga dama yake kira.

Likitar dabbobi da nake goge wa riguna ce ta matsa min in ɗauki dabba. Suna da wani gida inda suke tara dabbobin da aka tsinta a titi. Na ce ni ban iya hidimar dabba ba, ta ce, "Iya, zo dai ki gani." Na je. Wata ƴar mage ruwan toka mai yagaggen kunne, wadda aka ciro daga kwata, ta ziro hannu ta keji ta kama bakin mayafina ta ƙi saki. Da ita na dawo.

Taɓargaza na sa mata. Ta yi dambe da igiyar dutsen guga, ta kifar min da ruwan yayyafi, ta sace safar mutane. Yini nake ina zaginta, sai na lura rabon da a ji muryata haka a ɗakin nan har na manta.

Ni ƙa'idata, in na goge kaya ina jera su a kwando da ɗuminsu, in rufe da farin ƙyalle. Ita kuwa ba abin da take so kamar ɗumi. Ran nan direban gidan mai kantin magani ya zo a gaggauce, ya sunkuci kwandonsu ya sauka. Sai da na zuba madara na yi kira, shiru. Na birkice ɗakin kaf. Can na tsaya ina kallon inda kwandon yake a da.

Na buga wa matar gidan waya. Ta ce, "Eh, mun ga wata mage a cikin kaya. Ai ta samu gida, Iya, kwantar da hankalinki." Ta kashe.

Ta samu gida! Da can a bola take?

Washegari na taka har gidan, gwiwoyina na ciwo. Mai gadi ya ce uwar gida na hutawa, na ce ya kauce ko in bi ta kansa. Na same ta a falo kwance a kujera, waya a hannu, yaranta manya biyu kowa da tasa.

"Magena na zo ɗauka."

"Haba Iya, a kan mage kika taso? Titi cike yake da su, ki ɗauki wata."

"Ke ki ɗauki wata. Ina take?"

Ta yi tsaki ta miƙe. Muka bi wani dogon lungu har ɗakin ƙarshe, ta buɗe ƙofa. Surukinta ne a ciki, tsoho tukuf, a kwance, rabin jikinsa ba ya motsi. Talabijin na aiki ba murya, shayi ya huce a gefe har ya yi yana. Taɓargaza na kan ƙirjinsa tana wasa da zaren bargo.

"Kin gani?" in ji matar. "Tun da ta zo Baba yake dariya. Ki ji tausayinsa mana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku nawa ne a gidan nan? Ku ja kujera ku zauna da shi, ai ba cizo yake ba. Ni ita kaɗai gare ni."

Tsohon ya juyo da ƙyar. "Taki ce, baiwar Allah?"

"Tawa ce, malam."

"Ya sunanta?"

"Taɓargaza."

Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. "Ta ci sunanta. Jiya tabarau ɗina ta jefar." Ya shafa bayanta da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana shafawa, sannan ya janye. "Ba ta kayanta, ƴar nan."

"Baba..."

"Na ce ki ba ta."

Na ɗauke ta da kaina. Matar ta ce in na fita da ita, kada in sake tsammanin kayansu. Na ce ta goge da hannunta, ko jikinta ya ɗan motsa.

Ina lungun na ji an rufe ƙofar tsohon, kuma takun matar na biye da ni zuwa falo. Ban waiwaya ba.

Na hau benena ina hutawa a hanya. Ranar ban kunna dutsen guga ba. A ƙasa na zauna na jingina da gado, tana cizon yatsana, ni kuma na bar mata.