Abin da Ya Ci Simintin Magini

Shekara talatin da biyu ke nan da Magini ya jagoranci ma'aikatan da suka binne babban bututun ƙazamin ruwa a ƙarƙashin titin teloli. Ya daɗe da ajiye aiki, amma ko yaushe aka zo hira sai ya ce bututun nan zai binne jikokinsa.

Sai titin ya fara wari, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai bin mutum har cikin riga. Teloli suka koma ɗinki da ƙyalle a hanci. Ana cikin haka wata safiya kwalta ta lotsa, aka leƙa rami aka ga saman bututun ya rufta.

A shagon aski maganar ta iske shi. Wani mai jiran layi ya ce, "Ai maginan da ne suka cinye siminti, suka dama mana yashi." Bai san tsohon da ake yi wa aski yana cikinsu ba. Magini ya cire mayafin wuyansa ya fice da rabin suma a ka.

Kwana uku bai leƙa ƙofar gida ba. Matarsa ta gaji ta kira autarsu, injiniya a ma'aikatar magudanan ruwa, wadda ita aka ɗora wa binciken.

"Baba, sa takalmi," in ji Auta. "Ka ɗauko gudumarka."

A harabar ma'aikatar an ajiye guntun bututun da aka yanko. Ta ce ya buga ƙasansa, inda ruwa ke bi. Ya buga. Siminti ya amsa ƙwal, har gudumar ta yi tsalle. Ta ce ya taɓa saman. Yatsansa ya nutse kamar cikin jiƙaƙƙen alli.

"Wannan ba simintin da na dama ba ne," ya ce.

"Naka ne, Baba, sama da ƙasa. In ƙazamin ruwa ya daɗe a rufe, yana fitar da iskar nan mai wari. Ta tashi ta manne a rufin bututu, ƙwayoyin cuta su mayar da ita asid. Asid ɗin ne ya yi shekara talatin yana cin aikinka. Da yashi ka dama, da ƙasan ma ya tafi tuni."

Ya shafa simintin. Can ya ce, "To yanzu yaya za a yi da iskar?"

Ta kai shi gidan famfo, ta nuna masa tanki cike da wani ruwa mai launin tsatsa, yana ɗiga cikin magudana ta siririn tiyo. Gishirin ƙarfe ne, ta ce, yana kama abin warin tun yana cikin ruwa, kafin ya zama iska.

Mako guda wari ya ragu, amma bai mutu ba. Da rana ta take, na'urar da Auta ta rataya a ƙarƙashin murfin rami don auna warin sai ta haura. Ta ƙara magani, a banza. Ranar hutu ta zo gida ta baza taswirar bututun a tabarma, ta yi tagumi.

Magini ya sa tabarau ya bi layin da yatsa. "Ina reshen mahauta?"

"Wane reshe?"

"Wanda muka jona daga baya. Mun tarar da dutse, muka yi ƙasa da shi muka sake hawa. Na gaya musu ruwa zai riƙa kwanciya a wurin, ba wanda ya rubuta. Kuma gaban tankinki yake shigowa. Maganinki bai taɓa ganinsa ba."

Washegari ya shige gaba, injiniyoyi huɗu na bin sa. Daga bangon mahauta ya ƙirga taku arba'in, ya dunguri ƙasa da sanda. Aka tona taku biyu gefen inda ya nuna, sai ga murfi. Da aka ɗaga, duk suka watse suna tari, ban da shi.

Aka kafa tanki na biyu a can. Cikin kwana goma teloli suka cire ƙyallen hanci. A taron da aka yi da mutanen titin, Auta ta ɗora guntun bututun a tebur ta yi bayani dalla-dalla, sannan ta ce, "Wanda ya binne shi, kuma ya gano mana inda cutar take, ga shi nan zaune. Mahaifina ne." Shugaban teloli ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

A gida Magini ya zaunar da matarsa yana koya mata darasi. "Ƙwaro ne ke shan iska ya tofar da asid. Sai 'yarki ta ba ruwa ƙarfe ya ci."

"Ruwa ya ci ƙarfe? Malam, anya ka gane kuwa?"

"Ni da na haifi injiniya?"

"Au, kai ka haife ta?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce to a raba, ta ɗauki naƙudar, a bar masa ƙwaƙwalwar.